Rhissa Ba Ya Sove

A shekarun da iraniyom ya rasa masu saye, mutanen Arlit sun ɗauki wata kalma daga bakin Anasara suka mayar da ita tasu. Kalmar ita ce sove. In ka tambayi ina wane aka ce maka ya sove, to kada ka ƙara tambaya. Ko dai ya hau kamiyon Assamakka ya tsallaka Aljeriya, ko ya shige duwatsun Abzin wurin 'yan tawaye, ko ya koma Maraɗi da tabarmarsa a ka. Anasaran ma sun sove, sai dai su a jirgi suka yi nasu, kuma sai da aka yi musu walima.

Rhissa bai sove ba. Direba ne, dogon Ba'abzine mai baƙin rawani, wanda ya tuƙa kar, babbar motar ma'aikata, zuwa ramin ma'adini har kujerar ta ɗauki siffar bayansa. Daga baya aka ba shi wani injiniya ya riƙa tuƙawa. Da kamfani ya fara sallamar mutane, tare aka sallame su. Injiniyan ya rungume shi, ya yi ƙwalla, ya bar masa akwatin wasan 'ya'yansa domin ya yi wa jirgi nauyi.

Raƙuman danginsa fari ya riga ya cinye su. 'Yan'uwansa suka aiko daga dutse ya zo, ya ce ba ya zuwa. Sojoji suka fara tsare masu rawani a bakin kasuwa, matarsa Mina ta ce su tafi Tamanrasset wurin yayarta, ya ce ba inda za shi. Ba son garin yake yi ba, babu mai son Arlit. Shi dai ba ya so a zauna ana shan shayi a ce Rhissa ya sove.

Ni a lokacin ina gadin tafkin wanka na kulob ɗin Anasara, wanda aka daɗe da daina zuba wa ruwa. Ina jin ramin ake tsoron a sace. Aikin yana barina da yini guda a hannu, shi ya sa da aka ce Rhissa ya kai akwatinsa butik ɗin Fatahu, na bi. A Bukkoki, unguwarmu, babu wuta, amma Fatahu, wani mutumin Tawa mai sayar da sukari da batir, yana da wayar wuta da ya janyo daga gidajen kamfani ta hanyar da ba a tambaya.

Akwatin kamar ƙaramar telebijin yake, da allon haruffa, da wata sanda mai kama da giyar mota. Ana tura masa faifai ɗaya a baki, sai ya yi ta gurnani kamar raƙumin da ake ɗaure wa kaya. Kafin ya gama, shayin farko ya nuna. Amma in ya buɗe, wata ƙasa ce ke fitowa. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba, ko a lambunan Timiya bayan ruwa. Itatuwa suna haihuwar fitilu, duwatsu suna shawagi a sama ba abin da ya riƙe su, wasu kifaye masu fukafukai suna wucewa ba su kula kowa. Ranar farko ban ji kiran azahar ba.

A bakin hanya akwai wani sarki zaune. Na ɗan taɓa lakwal, makarantar boko, kafin a mayar da ni kiwo, don haka ni ke karanta musu abin da yake cewa. Wai wani ƙaton ifiritu ya ɗaure girgije da sarƙa a kan hasumiya, fari ya halaka ƙasar, sai a je a kwance shi. Yana faɗin haka, a bayansa ruwa na gangarowa daga dutse, agwagi na iyo. Muka dubi juna. Fatahu ya ce wanda ya yi wasan nan ko dai bai taɓa ganin fari ba, ko kuwa taimako yake nema. Sarkin in ya gama magana ba ya ba ka guzuri, ba ya ba ka takalmi, sai ya koma barci. Tsofaffin ma'aikatan rami suka gane shi nan take, suka sa masa suna Shef, yadda suke kiran shugabansu a rami.

Wanda ake aikawa wani ɗan guntun mutum ne mai jar hula da fitila. Muka kira shi Akoli, domin yana tafiya kamar wani Akoli mai tsaron famfo, kai a gaba, ƙafafu na biyowa. Da sandar nan ake tuƙa shi.

Wasan yana da hikima, wannan ba a musu. In Akoli ya ajiye fitilarsa bayan dutse, inuwar dutsen takan miƙe ta tsallake rami, kuma ana iya taka ta. In ya zuba wa iri ruwa, sai ya tsiro ya zama tsani. Akwai wurin da ba a buɗe ƙofa sai ka juya mata baya. Mazan da aka sallama, waɗanda suka yi watanni ba su yi gardama a kan komai ba sai cutar da aka yi musu, suka koma gardama a kan inda za a ajiye fitila. Kuma wasan ba ya canza magana. Abin da ya buɗe ƙofa jiya shi zai buɗe ta yau. A Arlit ta wancan lokacin ba mu san wani mai wannan hali ba.

Amma Akoli wawa ne. Ba shi da aljihu: in ya ɗauki mabuɗi sai ya ajiye fitila, in ya koma ɗaukar fitila sai ya ajiye mabuɗi. In ka ja sanda ya yi tsalle, sai ya tsaya ya yi shawara tukuna. In ya dira, ƙafarsa takan zame kamar an shafa mata man shanu. Akwai duwatsun da za ka gani da idonka, ka taka, ashe zane ne, ka zurma. Kiɗan kuwa ɗaya ne daga safe har yamma, har jakin maƙwabci ya koyi amsa shi. Abin da ya fi ci wa Rhissa rai shi ne, ruwa in ya taɓa ko ɗan yatsan Akoli, ya mutu. Fatahu ya ce ai wannan danginka ne, shi ma ba ya shiri da wanka. Rhissa ya ce mutumin da ya tashi a gindin rijiyar Tawa, har yau bai koyi ɗauraye kofin shayi ba, ba shi da bakin magana.

A kan hanya akwai rijiyoyi. Duk sanda Akoli ya kai wata, sai hoton ya tsaya, kalmomi biyu su fito. Na karanta musu. Ta farko kontinuwe, wato ci gaba. Wannan kowa ya san ta, ita shef yake faɗi a rami in mutum ya miƙe bayansa. Ta biyu sove.

Rhissa ya dubi akwatin yadda ake duban baƙon da ya yi maka tambayar rashin kunya a gidanka. Ya ce wato tambayarsa yake ko ya gaji yana so ya gudu. Ya danna kontinuwe da ƙarfi har allon ya yi ƙara. Tun daga ranar bai taɓa tsayawa a rijiya ba. Wata rana Fatahu ya miƙa yatsa zai danna ɗayar don a ga abin da za ta yi, Rhissa ya buge masa hannu, ya ce in yana so ya sove ga hanyar Tawa nan, amma ba da Akolinsa ba.

Wutar garin daga gawayin Cirozerin take zuwa, a kan turakun da suka ratso hamada. A shekarun nan takan tafi ba sallama. Wasu su ce 'yan tawaye ne suka kayar da turke, wasu su ce iska ce. In ta tafi, ƙasar mai kore ta mutu. In ta dawo, ga Akoli gaban Shef, ana sake ba shi labarin fari daga farko. Rhissa bai taɓa ganin aibin wannan ba. Ya ce hanya ce, in mota ta mutu a Agadas ba a tashinta a Arlit.

Wuri mafi nisa da ya taɓa kaiwa wata gada ce. Masu gadi biyu na ƙarfe suna kai da komowa a kanta, a gefe kuma ga gangar albarushi. Yana isowa wuta ta tafi. Muka fito ƙofar butik muna tattauna yadda za a yi. Aka yarda cewa sai a mirgina gangar ƙarƙashin gada, a jira masu gadin su haɗu a tsakiya, sannan a kunna. Rhissa ya ce gobe in Allah ya ba mu wuta, zai gama da gadar da masu gadinta duka. Wani mutum da ya zo sayen sukari ya daɗe yana ɗaure ƙullinsa.

Da safe aka zo aka tafi da Rhissa.

An kai shi wani tsohon sito a bayan gari inda sojoji suka yi sansani. Mai wurin wani ƙaramin hafsa ne, ajidan Nomau, mai ilimi da tumbi, wanda ya nemi Yamai aka ba shi Arlit, bai yafe wa kowa ba. Kowa ya san tsarin: ranar Alhamis ayarin motoci yake tashi zuwa Agadas da rakiyar soja, kuma wanda aka ɗora a motar baya, in ya dawo, ba ya dawowa da haƙoransa duka.

Mina ta same ni a bakin tafki. Ba ta taɓa son akwatin ba, ta sha cewa za ta kunna masa wuta ta dafa tuwo. Ta tsaya ba ta zauna ba.

"Baba, tashi," ta ce. "Akwati ya kai shi, akwati za ya fito da shi."

Fatahu ya ce shi bai san wani akwati ba, bai san wani Rhissa ba, sukari yake sayarwa. Amma ya ara mana amalanke, ya kuma lulluɓe akwatin da buhu da hannunsa.

Ajidan ya saurare mu yana sakace, ya ce an ji Rhissa yana shirin tayar da gada. Na ce masa, ranka ya daɗe, ai a Arlit babu gada, me za ta tsallake? Ya ce wannan shi ne ainihin abin da ya hana shi barci. Amma zaman sito ya gundure shi, kuma bai taɓa ganin irin akwatin ba sai a ofishin manya. Ya ce to, a nuna masa gadar, da masu gadin, da gangar. In ya gan su da idonsa kafin Alhamis, Buzun ya koma gida. In bai gan su ba, ya hau mota.

Aka fito da Rhissa ba rawani. Ban taɓa ganin bakinsa ba sai ranar. Mina ta juya fuskarta bango, ni ma na dubi ƙasa. Ya ce wa ajidan ba ya iya tuƙi da baki a buɗe. Ajidan ya yi dariya, ya sa aka jefo masa rawaninsa.

Ranar farko ba ta yi kyau ba. Akoli ya zaɓi ranar ya nuna duk halinsa. Ya zame, ya zurma, ya taɓa ruwa. Ajidan yana karanta wata tsohuwar jarida, yana cewa Buzu, lokaci na tafiya. Amma da inuwar dutse ta miƙe ta zama hanya, na ga jaridar ta sauka. Kafin la'asar kujerarsa ta matso. Washegari ya fara ba da shawara, kuma duk shawarar da ya bayar Akoli ya mutu a kanta. Ya daina cewa Buzu, ya koma cewa direba. Ya zagi Shef. Ya ce wanda ya rataye mabuɗi a kan ramin masu, kusa da ƙofar da yake buɗewa, ya san shi, sun yi aiki tare.

Abu ɗaya muke ɓoyewa. Rhissa ya raɗa mini cewa in sojan nan ya ga kalmar sove a rubuce cikin akwatinsa, ba sai an nemi gada ba. Saboda haka duk sanda Akoli ya doshi rijiya, sai in miƙe in gyara rigata a gaban ajidan, ko in kawo masa ruwa, Rhissa kuwa ya danna kontinuwe kafin haruffan su gama fitowa. Sau da yawa suna gab da gada wuta ta tafi. Ajidan yakan bugi tebur, ya ce wane irin wasa ne wannan da ba ya tuna wahalar mutum. Ya fara zargin ja masa rai ake yi.

Ranar Alhamis tun da hantsi ake ɗumama motoci a fili. Mina na zaune a ƙofar sansani da ƙullin dabino da ta kawo masa na hanya, don ita ba ta yarda da akwati har can ciki ba. Rhissa ya zauna, ya yi bisimilla, ya tuƙa Akoli yadda ban taɓa gani ba. Ya san inda zai zame, sai ya dira kafin wurin ya bar shi ya zame. Ya san jinkirin tsallensa, sai ya ja sanda tun kafin lokaci, kamar yadda ake taka birkin tsohuwar kar tun daga nesa. Wani kofur ya leƙo ya ce an gama lodi, saura mutum ɗaya. Ajidan ya ɗaga masa hannu bai waiwaya ba.

Suka iso rijiyar ƙarshe, wadda daga ita sai gada. A daidai nan ƙwan lantarkin da ke sama ya yi ja, fanka ta fara jan ƙafa. Na miƙe zan gyara riga, ajidan ya ture ni gefe, ya kama hannun Rhissa a sama. Haruffan suka gama fitowa. Ya karanta. Ya sake karantawa.

"Wannan tun yaushe take fitowa?"



"Kwana da kwanaki muna komawa wurin tsohon banzan can, ga wannan a nan?" Ajidan ya dubi ƙwan, ya dubi Rhissa. "Sove. Ka sove mana!"

"Shef?"

"Na ce ka sove, yanzu, kafin wuta ta tafi."

Rhissa ya ce a hankali, shi tun da yake bai taɓa yi ba.

"Na gani ai. Yau za ka fara. Umurni ne, direba."

Rhissa ya dube ni. Ya miƙe, ya ja rawaninsa har gindin ido, ya miƙa wa ajidan sandar da hannu biyu. Ajidan ya fizge ta, ya faɗa kujerar, ya danna kalmar da kansa. Akwatin ya fara gurnani. Idonsa na kan akwatin, bai ga Rhissa ya nufi ƙofa ba.

A garin nan har jarirai sun san abin da ke samun wanda soja ya ce wa gudu. Shi ya sa Rhissa bai gudu ba. Ya ratsa filin a hankali, hannuwa a sake, ta gaban motocin da ke hayaƙi. Ta taga nake kallon bayansa, rigar ta jiƙe ta manne. Kofur, wanda ya ji umurnin da kunnensa amma bai yarda da kunnen ba, ya saɓa bindiga ya tsaya a bakin ƙofa.

"Shef, da gaske sove ɗin?"

"Yana cikin yi," in ji ajidan, hannunsa a kan akwatin. "Kada wanda ya taɓa shi sai ya gama."

Kofur ya sauke bindiga. Na ga Mina ta miƙe da ƙullinta, ta bi bayan mijinta.

Gurnanin ya tsaya. Wutar ta yi kamar za ta tafi, ta fasa. Ajidan ya tura Akoli gaba, yana tangaɗi, sai ga gada, ga masu gadi biyu na ƙarfe, ga ganga a gefe. Ya daɗe yana kallo. Ya ce ga ta kuwa. Ya juyo yana cewa, malam Rhissa, je ka gida, amma ka dawo gobe ka nuna mini yadda ake mirgina gangar nan. Sai ya gan ni ni kaɗai.

Da na bayyana masa, bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba, don kofur na tsaye. Ya ce mini kalmar a cikin akwati ba gudu take nufi ba. Ajiya take nufi. Ka ajiye mutum a inda ya kai, in wuta ta dawo ka ci gaba daga nan. Ya tambaye ni wace lakwal na yi. Na ce irin wadda ake koyon kalmar a bakin tasha.

Ya aika Bukkoki a gaya wa Rhissa an wanke shi. Aka tarar da bukka a buɗe. Mutumin da fari da sallama da 'yan'uwansa da matarsa suka kasa ɗagawa, an ba shi umurni, kuma shi direba ne. Kafin azahar yana bisa buhunan wani kamiyo a hanyar Assamakka, shi da Mina da dabinonta.

Akwatin ya zauna a sansani a matsayin shaida. Ajidan yakan aiko a kira ni in na rasa abin yi, wai in tuna masa inda Rhissa yake ajiye fitila. Ya daɗe kafin ya iya gangar. Ranar da gadar ta tashi da masu gadinta, sojoji suka yi tafi. Akoli ya tsallaka, ya iso gindin hasumiya, har muna hango girgijen a sama da sarƙa a wuyansa. Sai hoton ya tsaya, rubutu ya fito. Ajidan ya karanta da kansa: a sa faifai na biyu.

Muka zazzage buhun da aka lulluɓo akwatin da shi. Muka tambayi Fatahu. Faifai ɗaya aka bar wa Rhissa, ɗayan ya hau jirgi.

Ajidan ya samu canjin wuri bayan an yi sulhu, ya tafi da shaidarsa. Rhissa bai dawo ba. Har yau in baƙo ya tambayi labarinsa a butik, Fatahu yakan ce ya sove, yana ɗaure sukari. Ni nakan ce a'a, ajiye shi aka yi. Fatahu ya ce to a kunna shi mana mu gani.